Masu busa ku taimaka: rikoda tena wacce zan saya, Yamaha ko Aulos, ko in daure in sayi ta katako?

Dan_Fagge_Kida:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masu harkar busa a cikinmu shawara nake nema. Ni aikina haɗa kiɗa ne, ina da ɗan situdiyo a nan Kano, shekara wajen shida kenan ina danna fiyano, kuma duk wanda ya san kiɗan finafinanmu ya san yadda muke ji da muryar sarewa, musamman a waƙar soyayya ko wajen da ake so mai kallo ya share hawaye. To matsalar ita ce sarewar cikin fiyano kowa yake dannawa, ni fiyanon Yamaha PSR gare ni, na gaba da ni ita ce, na bayana ita ce, har ta kai kana wucewa a adaidaita ka ji waƙa daga shago ka san lambar muryar da aka danna. Wlh na gaji. Inaso a ji numfashin ɗan Adam a cikin kiɗan.

Watan jiya wani abokina da yake koyarwa a firamare ya ara min ƴar ƙaramar rikoda, wato sarewar Turawa, irin ta yara, wadda suke ce wa sufurano, cikin sati biyu na fara fitar da waƙa da ita ba laifi, amma sautin ya cika tsini, idan na hau sama kamar usur ɗin alƙalin wasa, uwargida ma sai da ta ce ko dai in koma situdiyo da abin nan ko ita ta koma gidansu. Sai na ga wani bidiyo a YouTube wata baturiya tana busa babbar, tena, sautin mai kauri mai sanyi kamar mutum yana magana a hankali, na ce to wannan nake nema.

Na samu na taɓa wata sau ɗaya a wajen wani, ban ma duba sunan kamfanin ba, gsky hannuna na dama ya ji jiki, ramin ƙarshe na ƙasa ɗan ƙaramin yatsana bai ma kai ba, minti biyar tsintsiyar hannuna ta fara zafi. Yanzu yayana zai dawo daga tafiya ƙarshen wata ya ce in faɗa masa wacce zai taho min da ita. Na ga Yamaha YRT-304B, na ga Aulos kala biyu 211A da 511B, na kuma ga na katako masu tsada. Wacce ta fi daɗin sauti, kuma wacce hannu zai iya da ita? Hannuna ba babba bane.

Sarkin_Zolaya:

Ni da na ga an ce rikoda na ɗauka mai cin kaset ce, har na fara tuna ta babanmu mai batir shida da ake ɗaure ta da kyauro. Ashe busa ce. Allah ya ba da sa'a, mu ƴan kallo ne.

Malama_Jos:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na shekara fiye da goma ina koyar da yara wannan abin, kuma duka ukun da ka lissafa na roba na riƙe su na busa, bari in faɗa maka abin da na gani.

Da farko ka yi sa'a ɗaya, tena da sufurano yatsunsu iri ɗaya ne, duk C ne idan ka toshe ramuka gaba ɗaya, sai dai tena tana ƙasa da hawa guda cif, wato C ɗinta na ƙasa shi ne C na tsakiyar fiyanonka. Da alto ka zaɓa da sai ka sake sabon karatu don ita daga F take farawa. Kuma dalilin da ya sa ta sauka hawa guda shi ne tsawonta ya ninka, sufurano ba ta fi santimita 32 ko 33 ba, tena ta haura 60, to ramukan ma dole su yi nesa da juna, abin da ya ja maka ciwon hannu kenan.

Yanzu ga inda mutane suke ruɗewa. Kowa yana ɗauka mai maɓalli a ƙasa ita ce ta masu ƙaramin hannu tunda maɓallin ya kawo wa ɗan yatsa ramin kusa. Ba lallai bane. Yamaha 304 da Aulos 511B duk dogaye ne, saboda tsawon ne ma aka sa musu maɓalli biyu na C da C mai ƙari (wato rabin murya sama da C), maɓallin ya taimaki ƙaramin yatsa kawai, sauran yatsu ukun na dama suna nan a buɗe kamar kana auna taƙi. Ita kuwa 211A ba ta da maɓalli ko ɗaya amma gajeriya ce, an matso da ramukan, ba ta da nauyi, yarinya ƴar aji shida a wajena tana busa ta ba ta taɓa kukan hannu ba. Don haka in dai maganar hannu ce zalla, 211A ce a gaba.

Maganar sauti kuma sai lissafin ya juya. Doguwar ta fi cika a ƙasa. Idan ka busa C da D na ƙasa a Yamaha za ka ji sautin ya zauna daram, yana da gauraye mai ɗan kaifi a ciki wanda makirfo yake kamawa da kyau, kuma saman ma tana hawa ba gardama idan babban yatsanka ya iya tsaga ramin baya. 511B a kunnena ta fi ta duhu da laushi, kamar an ɗan lulluɓe sautin da mayafi, wasu ita suka fi so, ni dai idan ni kaɗai zan busa na fi ɗaukar Yamaha, idan cikin taro ne da sauran rikodoji na fi son Aulos don ba ta fita zakka. Ita gajeriyar, 211A, tsakiyarta akwai zaƙi sosai, daga G zuwa E na sama ba ka da abin cewa, amma can ƙasa muryarta siririya ce kuma ba ta son a matsa mata iska, kana ƙara hurawa kaɗan za ta tsallake ta haye sama. Kai kuma ƙasan ne ya ja hankalinka a bidiyon nan in na fahimce ka.

Kafin ka yanke hukunci a kan hannunka, ina zargin riƙon ne ba daidai ba. Duk wanda ya taso daga sufurano yana zuwa da yatsu a lanƙwashe yana toshewa da kan yatsa. A tena shimfiɗa yatsun ake yi, ka toshe da tudun naman, na tsakiya ma ya ɗan zarce ramin ba komai. Sannan gindin sarewar juyawa yake, guda uku ce ake haɗawa, kai da tsakiya da gindi, ka murɗa shi har maɓallin ya zo daidai inda ɗan yatsanka yake sauka da kansa, kar ka bi shi. Akwai kuma ɗan abin da ake maƙalawa a baya babban yatsan dama ya tokare, ka sa shi wajen tsakanin rami na 4 da na 5, rabin ciwon tsintsiyar hannun nan daga ɗaukar nauyi yake zuwa ba daga buɗa yatsu ba.

Abu na ƙarshe, ɗauko ta yaran da ke hannunka ka duba min rami na 4 da na 5 in ka ƙirgo daga sama ta gaba. Wanne ya fi girma?

Dan_Fagge_Kida:

Kai Malama Allah ya saka da alheri, wannan ai karatu ne na biya kuɗi. Na duba yanzun nan, na 4 babba ne na 5 ɗan mitsitsi, kuma a baya kusa da ramin babban yatsa akwai harafin G. Wani abu ne?

Malama_Jos:

To ka ga abin da nake tsoro. Tsarin Jamus ke gare ka. Wani Bajamushe Peter Harlan ne ya fito da shi a shekarun 1920 don yara su samu sauƙi, F kawai ɗaga yatsu ake bi da bi. Amma an sayi sauƙin da tsada, don F mai ƙari ba ya zama daidai sai an sha wahala. Tenan da za ka samu kusan duk tsarin Barok ne, na 4 ƙarami na 5 babba, za ka ga B a jiki ko E a wajen Aulos. A nan idan za ka yi F sai ka toshe na 4, ka ɗaga na 5, ka mayar da 6 da 7. Kwana uku zai ba ka haushi daga nan ya zauna. Ka dai jaddada wa yayanka kar a ba shi mai G.

Kuma tunda yawancin karin waƙoƙinmu a kan murya biyar suke tafiya, ka fara da A C D E G, ko E G A B D, duk babu F a ciki balle ya dame ka. Kai da fiyano a gabanka ai sai ka juyo da kiɗan inda sarewar ta fi sakewa.

Baban_Hanifa_Jamus:

Sallama. Bari in sa baki a kan ta katako tunda a ƙasarsu nake zaune. A nan Blockflöte suke ce mata, kuma kusan ita ce abin busa na farko da ake miƙa wa yaro, ta hanyar ƴata ma na shiga, ina raka ta aji ina zaune a baya har abin ya kama ni, yanzu ita ta bari ni na ci gaba.

Gaskiyar magana ta katako mai kyau ta fi ta roba, ba wai ƙarfi ba, a'a sautin ne yake da ƙasa da sama, kana canza yadda kake hura iska tana canza launi, ta roba kuwa abin da ta ba ka yau shi za ta ba ka gobe. Sannan akwai wata ƴar toshiya a cikin bakin, daga ita ma sunan nasu ya samo asali, da itacen sida ake yinta, tana shanye danshin numfashi, shi ya sa ba ta saurin shaƙewa kamar ta roba.

Manyan masu yi su ne Moeck a garin Celle, da Mollenhauer a Fulda waɗanda tun 1822 suke sana'ar kayan busa, sai Küng a Schaffhausen ta Suwizalan. Moeck suna da samfurin da ake kira Rottenburgh, Friedrich von Huene ne ya zana shi yana koyi da aikin wani maƙeri na Brussels na ƙarni na 18, sautinsa a tsaye yake mai haske, saman yana fita tsaf. Mollenhauer suna da Denner mai kama da haka, suna kuma da wadda suke kira Dream mai faɗin ciki da manyan ramuka, ita ƙasanta cike yake kamar ana magana a cikin tulu, amma manyan ramukan nan sai mai kaurin yatsa. Küng Studio gajeriya ce, masu ƙaramin hannu suna yabonta. Kuma don matsala irin taka akwai wadda aka lanƙwasa wuyanta, kan ya karyo kamar na saksafon, sai jikin ya matso kusa da ƙirji hannu ba ya miƙewa da nisa, wasu har an ƙara musu maɓalli a rami na 3 da na 4. Na gwada irinta a shago, kamar an sauke maka kaya.

Itacen ma da bambanci. Mapul da fiya, fiyar Turai fa ba tamu mai mai ba, su ne masu araha kuma sautinsu da laushi. Masu tauri irin su giranadila da ake sarowa daga Tanzaniya da Mozambik, wanda ake yin kilarinet da shi, ko eboni ɗan'uwan kanyarmu, sun fi kaifi da kai wa nesa, sun kuma fi nauyi a hannu da a aljihu. Ko mai arahar cikinsu sai ta ninka ta roba sau biyar ko fiye.

To amma duk da wannan yabon da na yi, kar ka saya. Ni na yi wautar. Wata shekara na taho gida Katsina hutu a watan Janairu da tena ta ta katako, ba zan faɗi kamfanin ba don ba laifinsu bane, hunturu ana tsakiyarsa leɓe ma fashewa yake. Na zauna a tsakar gida na busa ta wajen awa ɗaya ina burge ƙannena, cikin ya jiƙe da numfashi wajen kuma a bushe ƙamas, na ajiye a kan taga. Da asuba na ɗauko na ga tsaga siririya kamar gashi ta taso daga inda kai yake haɗuwa da jiki. Ranar ko karin kumallo ban iya ci ba. Sai da na dawo da ita nan aka ɗaure wajen da zobe, kuma a Kano ban san wanda za ka kai wa ba. Ga shi sabuwa ba a ma busa ta yadda aka ga dama, minti 10 zuwa 15 a rana ake farawa na wasu makonni, masu taurin kuma sai ana shafa musu man almon a ciki, masu laushin da aka jiƙa da kakin kyandir idan ka manta su a mota da rana kakin narkewa yake ya fito. Kai da kake da aiki a gaba ana jiran waƙa, ina kai ina wannan reno.

Ka ɗauki ta roba ka shekara da ita. In ka ga abin ya zauna maka sai mu yi maganar katako.

Tsohon_Makiyayi:

Ni fa ban gane ba. Yaro kana Kano, sarewa tana bakin ƙofarka, sai an sayo maka ta Japan? Mu da muka taso da kiwo da hannunmu muke yanka ta mu huda ramuka huɗu, yanzu ma yara da bututun roba suke yi, kuma duk wanda ya taɓa jin ta da yamma shanu suna komawa ya san babu wata rikoda da za ta ba shi wannan. Wannan shuuu ɗin na iska da ke tafiya tare da sautin ai shi ne numfashin da kake cewa kana nema. Ta Turawan an riga an yi mata bakin usur, ita take yanka iskar ba kai ba, shi ya sa kowa ya hura ta yi ƙara, shi ya sa kuma duk sautinsu ɗaya. Kuma in ma irin ta finafinan Indiya ce a ranka, wannan bansuri ce ta gora, a kaikaice ake busa ta, ba ta da maɓalli, da yatsa suke jan murya daga wannan zuwa waccan. Ka nemo mai busa ka biya shi ya shiga situdiyon, shi ma ya samu na cefane.

Malama_Jos:

Baba maganarka akwai gaskiya, ban musa ba, kuma wajen da ka ce ita take yanka iskar haka yake. Shi ya sa rikoda ba ta da wani sassauci wajen ƙarfi, kana ƙara iska muryar ɗagawa take ta kauce, kana ragewa ta faɗi. Tena ma ba ta da hayaniya, a filin biki kalangu ɗaya zai binne ta. Sai dai Baba tamu ta gida leɓe ke yin aikin, mutum sai ya yi wata bai fitar da sauti mai kyau ba, kuma kowacce da inda mai yankan ya huda ta, ba lallai ta hau kan fiyanonsa ba, shi kuma abin da zai ɗora a kan kiɗan da ya riga ya haɗa yake so. Ni a ganina ya yi duka biyun.

Amma ka tuna min wani abu da ya kamata in faɗa tun farko. Jan murya da Baba ya ce, a rikoda ma ana yi, zame yatsa ake a hankali daga kan ramin, kuma a nan mara maɓalli ta fi, don maɓalli ko a buɗe yake ko a rufe, babu rabi. Sai dai ramin ƙarshe kawai abin ya shafa, sauran duk a buɗe suke a dukkansu. Sannan maɓalli yana ɗan yin ƙas ƙas, a ɗaki ba ka ji amma makirfo mai kyau zai ɗauka, don haka kar ka kafa shi a gindin sarewar, sautin ma ba ta can ya fi fita ba, ta ƴar tagar nan ta kusa da baki yake fita. Ka sa shi kamar taƙi ɗaya da rabi daga tagar, ɗan gefe kaɗan don kar iska ta buge shi.

Sai shaƙewa. Mu nan Jos da sanyi muna fama, minti kaɗan raɓa ta taru a hanyar iskar sautin ya dishe kamar mai mura. Ku a Kano da sauƙi, amma in kana kunna na'urar sanyaya ɗaki zai same ka. Ka cusa kan a hammata ko aljihu ya ɗumama kafin ka fara, in ta shaƙe ka rufe tagar da tafin yatsa ba tare da ka danna bakin mai kaifin ba ka hura da ƙarfi, ko ka zuƙe kawai. Ɗigon sabulun wanke kwano da aka tsinka da ruwa sosai a zuba ta hanyar iskar a bar shi ya bushe shi ma yana taimakawa.

Dan_Fagge_Kida:

Ngd sosai jama'a. Baban Hanifa labarin tsagar nan ya ishe ni, katako sai wani jiƙon. Jiya da daddare na koma wajen mai tenan nan na gwada shimfiɗa yatsu kamar yadda Malama ta ce, na murɗa gindin, wlh C na ƙasa ya fito, sau biyu cikin biyar dai amma ya fito, hannun kuma bai yi zafi kamar da ba duk da na zobe yana ɗan ɗagewa. Na tura wa yayana hoton Yamaha 304 na ce ya tabbatar da B, na kuma ce in kuɗin sun kai ya haɗo da 211A tunda ita ce mai arahar, wadda ta ƙi ni sai in ba abokina na firamare a madadin tasa da na riƙe.

Baba Makiyayi kai kuma ban ƙi taka ba, akwai waƙar da nake haɗawa yanzu da ta gidan ce ma za ta fi dacewa da ita. In ka san mai busa a kusa da Kano wanda zai iya zuwa ranar Asabar ka yi min magana ta akwatin saƙo, kuɗin mota a kaina.